Kundin aiki: yadda girafayit ke riƙe siziyam, sitironshiyam da azurfa a cikin riyakta mai tsananin zafi

10 ga Fabrairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta inda aikin ya kai, har zuwa lokacin da manhajar lissafin da nake ginawa za ta iya amsa tambaya guda: idan ƙarafan da tsagewar yuraniyam ke haifarwa suka kuɓuce daga ƙwayar makamashi a cikin riyakta, wato tukunyar nukiliya, irin wadda ake sanyayawa da iskar hiliyam, nawa girafayit zai riƙe daga cikinsu, har tsawon wane lokaci, kuma a wane hali zai sake su?

Makamashin da nake aiki a kansa shi ne wanda ake kira TRISO. A ƙirar Jamusawa, ƙwayar yuraniyam oksayid ce mai faɗin rabin milimita, an lulluɓe ta da ɓawo huɗu: na farko kabon mai laushi mai yawan ƙofofi, na biyu kabon mai tauri, na uku silikon kabayid mai kaurin maikiromita 35, na huɗu kuma wani kabon mai tauri. Ana cuɗa dubban irin waɗannan ƙwayoyi da garin girafayit, a matse su su zama ƙwallo mai faɗin santimita 6, a bar milimita 5 na bayan ƙwallon babu makamashi a ciki ko kaɗan. A tashar HTR-PM da ke Shidaowan a lardin Shandong na ƙasar Sin, wadda ta fara aikin kasuwanci a Disamban 2023, kowane ƙwallo yana ɗauke da giram 7 na yuraniyam a cikin ƙwayoyi kusan 12,000.

Na taƙaita aikin a kan ƙarafa uku. Siziyam-137 yana ɗaukar kimanin shekara 30 kafin rabinsa ya ruɓe, sitironshiyam-90 kusan shekara 29, azurfa-110m kuma kimanin kwana 250. Na bar iskar zenon da kiripton a waje saboda girafayit ba ya tsare su, da zarar sun fita daga ƙwaya sun tafi ke nan. A kan ƙarafa ne kawai masu zana riyakta suke ƙirga girafayit a matsayin shinge, kuma ingancin wannan shingen ne nake son in auna.

24 ga Fabrairu, 2025

Makonnin nan sun tafi a kan karatun abin da girafayit ɗin kansa yake, domin ba abu ɗaya ba ne a cikin riyakta, iri biyu ne, kuma halinsu da ƙarafa ya sha bamban.

Irin na farko shi ne na gini, wanda ake sassaƙa tubalan da ke kewaye da cibiyar riyakta da shi. Ana niƙa kok ɗin man fetur ko na kwal, a kwaɓa shi da kwalta, a gasa, sannan a ɗaga zafinsa zuwa tsakanin digiri 2500 da 3000 na ma'aunin Selshiyas har ƙwayoyin kabon su jeru shafi a kan shafi. Duk da haka ba ya cika toshewa. Cikakken girafayit yana da nauyin giram 2.26 a kowane santimita kubik, na riyakta kuwa yana tsakanin 1.7 da 1.8, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na jikinsa ƙofofi ne, wasu a rufe, wasu a haɗe da juna har zuwa waje. IG-110 na kamfanin Toyo Tanso, wanda aka yi amfani da shi a riyaktocin HTTR ta Japan da HTR-10 ta Sin, irin wannan ne, haka ma H-451 da aka yi wa riyaktar Fort St. Vrain a jihar Colorado.

Irin na biyu shi ne abin da aka matse ƙwallon makamashi da shi. A haɗin A3-3 na Jamus, kashi 64 cikin ɗari girafayit ne na ma'adini, kashi 16 na masana'anta, kashi 20 kuma danƙon fenol ne da ke haɗa su. Tun da ƙwayoyin makamashi suna ciki a lokacin gashin ƙarshe, ba a wuce digiri 1800 zuwa 1950, don kada a lalata su. Wannan zafin bai isa ya mayar da danƙon ya zama girafayit ba, sai ya tsaya a matsayin kabon mara tsari, mai cike da ƙananan ƙofofi da gefuna inda ƙwayar kabon take da hannun da bai kama komai ba. A waɗannan wurare ne siziyam da sitironshiyam suka fi maƙalewa. Tsararren shafin girafayit ba ya riƙe su da ƙarfi sosai, gurɓataccen wurin ne yake riƙewa, shi ya sa gwaje-gwaje suka nuna haɗin ƙwallo ya fi girafayit na gini shan siziyam nesa ba kusa ba.

Saboda haka na raba kayan biyu a cikin manhajar tun daga tushe, kowanne da nasa alƙaluman.

17 ga Maris, 2025

Kashin farko na manhajar ya fara aiki, wato lissafin ratsawar ƙarfe daga tsakiyar ƙwallo zuwa bayansa bisa dokar Fick, wadda ke bayyana yadda abu ke ratsawa daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan. Na ɗauki alƙaluman saurin ratsawa daga rahoton da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta fitar a 1997 mai lamba TECDOC-978, wanda har yau manhajoji irin su PARFUME na ɗakin binciken Idaho suke dogara da shi. A haɗin ƙwallo, ƙarfin da ake bukata kafin ƙwayar zarrar ƙarfen ta yi tsalle daga gurbi zuwa gurbi kilojul 189 ne a kowane mol ga siziyam, 258 ga azurfa, 303 kuma ga sitironshiyam.

Kafin in amince da abin da kwamfuta za ta fitar, na yi ƙiyasi da hannu: na ninka kaurin ɓawon nan na milimita 5 da kansa, na raba da saurin ratsawa, abin da ke ba da kimanin lokacin da ƙarfe zai ɗauka ya ƙetare shi. A digiri 700 siziyam yana bukatar sama da shekara 30. A digiri 1000 ya sauko zuwa wata ɗaya da rabi, a digiri 1200 kuma kwana huɗu kacal. Azurfa ta fi shi gaggawa, mako guda a digiri 1000, awa shida a digiri 1200. Sitironshiyam shi ne mai nauyin jiki, domin a digiri 1000 zai haura shekara 200 bai ƙetare ba, amma ƙarin digiri 200 kawai yana mayar da wannan lokaci ƙasa da shekara biyar.

Ƙwallo yana yin kimanin shekara uku yana kewayawa a cikin riyakta, kuma da wannan ma'auni ne ya kamata a karanta alƙaluman. Ga azurfa, girafayit mai zafi ba shinge ba ne, hanya ce. Ga siziyam, shinge ne a sassan cibiya masu sauƙin zafi, ba shinge ba ne a sassa masu tsananin zafi, kuma ƙwallo ɗaya yana bi ta duka biyun. Ga sitironshiyam shinge ne na gaske, muddin zafin da aka lissafa shi ne zafin da ke wurin. Manhajar ta ba da sakamakon da ya yi daidai da ƙiyasin hannu, don haka na rufe wannan kashi.

Batun azurfa yana da nasa ciwon kai. Azurfa-110m ba kai tsaye tsagewa ke haifar da ita ba, azurfa-109 ce take haɗiye niyutiron, wato ƙanƙanin ɓurɓushin da tsagewar ke fitarwa, ta koma ita, kuma tana iya ratsa ɓawon silikon kabayid ko da bai tsage ba idan zafi ya wuce kimanin digiri 1000, abin da masana suke ta muhawara a kan hanyarsa tun shekarun 1970. Ba ta cika tayar da hankali a lissafin haɗari ba saboda gajeren wa'adinta, amma tana sauka a kan ƙarafan bututu da farfelar injin, ta zama matsala ga ma'aikatan gyara. Wannan na daga cikin abubuwan da suka dami masu aikin riyaktar ƙwallaye ta PBMR a Afirka ta Kudu, waɗanda suka so hiliyam ɗin da ya fito daga cibiya ya juya injin kai tsaye, kafin gwamnati ta janye kuɗinta a 2010.

2 ga Afrilu, 2025

Na ƙara wata ƙaramar hanya a manhajar. Ba duk siziyam-137 ne ake haifa a matsayin ƙarfe ba, mafi yawansa daga zenon-137 yake fitowa, iskar da rabinta ke ruɓewa cikin ƙasa da minti huɗu, kamar yadda sitironshiyam-90 yake da kaka a kiripton-90 mai kimanin daƙiƙa 32. Idan ƙwaya ta fashe, iskar tana iya bin ƙofofin girafayit ta yi nisa kafin ta rikiɗa, sai a tarar da ƙarfe a wurin da ratsawa ba za ta taɓa kai shi ba. An ga haka ƙarara a riyaktar narkakken gishiri ta Oak Ridge da ta yi aiki daga 1965 zuwa 1969, inda ƙarafan da suke da kakanni na iska suka shiga can cikin sandunan girafayit, sauran kuwa suka tsaya a fatar waje.

28 ga Afrilu, 2025

Wannan watan ya tafi a kan bakin ƙwallo, inda girafayit ya haɗu da hiliyam, kuma a ganina nan ne zuciyar aikin. Isowar ƙarfe bakin ƙwallo ba ta nufin ya fita. Sai ya saki kabon ɗin da ya maƙale masa, ya zama tururi, sannan ya ƙetare siririn labulen iskar da ke kwance a jikin ƙwallon ya shiga hiliyam mai gudu. Abin da ke yanke hukunci shi ne matsin tururin ƙarfen a saman girafayit, kuma wannan matsi ya dogara da abu biyu, zafi da yawan ƙarfen da girafayit ɗin ya riga ya sha.

Ana auna shi ta hanyoyi biyu da aka daɗe da su. A ta farko ana sa gutsuren girafayit da aka shayar da siziyam a cikin ƙaramin akwati mai ƙofa kamar tsinin allura, a ɗora masa zafi a wurin da aka zuƙe iska, a ƙirga ƙwayoyin da ke tsiyayowa ta ƙofar da na'urar auna nauyin ƙwayoyi. A ta biyu ana rufe samfura daban-daban tare da tushen siziyam a cikin kwalba ɗaya, a bar su a zafi guda har kowanne ya sha iya cikinsa, sannan a auna abin da kowanne ya ɗauka. Kamfanin General Atomics a Amurka da cibiyar bincike ta Jülich a Jamus su ne suka tara mafi yawan waɗannan alƙaluma a shekarun 1970 da 1980.

Abin da aka samu yana da fuska biyu. Idan ƙarfen kaɗan ne, matsin tururi yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawansa, a ninka wannan a ninka wancan, wato yankin dokar Henry. Idan ya wuce wani mizani, sai matsin ya fara hawa da sauri fiye da yawan ƙarfen, wato yankin Freundlich. Dalilin shi ne guraben maƙalewa ba darajarsu ɗaya ba. Abin ya yi kama da ranar kasuwa: masu sammako su ne suke kama rumfunan kirki, waɗanda suka makara sai su baza kaya a bakin hanya, kuma su ne ake fara tasa. Ƙwayoyin siziyam na farko suna samun gurabe masu riƙo da ƙarfi, na baya kuma suna samun masu sako-sako, don haka girafayit ɗin da ya ƙoshi ya fi saurin saki.

Daga nan wasu abubuwa biyu suka biyo baya waɗanda sai na sa su a lissafi. Na farko, guraben ba su san bambancin siziyam mai radiyeshan da mara shi ba, saboda haka dole a ƙirga siziyam-133 da siziyam-135 tare da 137, tun da duk suna cin wuri, kuma yawansu a cikin makamashi ba ƙarami ba ne. Na biyu, sitironshiyam da bariyam sun fi siziyam riƙo, suna iya mamaye guraben kirki su bar shi da na banza. Alƙaluman da ake da su galibi na ƙarfe ɗaya ne a lokaci ɗaya, a cikin riyakta kuwa duk tare suke zuwa. A yanzu na sa gasar a manhajar a matsayin abin da za a iya kunnawa da kashewa, domin a ga yawan tasirinta.

19 ga Mayu, 2025

Na kai wa malamin da ke duba aikin zanen sakamakon farko. Ya daɗe yana kallon layin siziyam, sannan ya ce, "Wannan girafayit ɗin naka, sabo ne ko wanda ya sha niyutiron?" Na ce, "Malam, alƙaluman ratsawa na wanda ya sha ne, na riƙo kuwa akwai na sabo akwai na tsoho, na ajiye su gefe da gefe." Ya ce in fito da su duka a zane ɗaya, kada in zaɓa wa mai karatu.

Tambayar tana da tushe. Niyutiron mai gudu yana tumɓuke ƙwayoyin kabon daga gurabensu, yana barin ramuka da karyayyun shafuka, kuma kowane rauni sabon gurbin maƙalewa ne. An auna cewa girafayit na gini da ya sha niyutiron yana riƙe siziyam da sitironshiyam fiye da sabo. Sai dai zafi mai tsanani yana warkar da raunukan, musamman idan riyakta ta tsaya babu sabon niyutiron da ke sake buɗe su. Ma'ana ƙarin riƙon da aka samu a lokacin aiki yana iya gushewa a daidai lokacin haɗari, sa'ad da zafi ya hau, aka fi bukatarsa. Na yanke shawarar yin amfani da alƙaluman tsohon girafayit a lissafin aiki na yau da kullum, da na sabo a lissafin haɗari.

16 ga Yuni, 2025

Na fara gwada manhajar da tarihin riyaktar AVR ta Jülich, wadda ita ce shaida mafi nauyi a wannan fanni. Ƙaramar riyakta ce ta gwaji, megawat 46 na zafi, 15 na lantarki, ta fara ba da wuta a ƙarshen 1967, aka rufe ta a ƙarshen 1988. A Fabrairun 1974 aka ɗaga zafin hiliyam da ke fita daga cibiya zuwa digiri 950, kuma a shekarun da suka biyo baya gurɓatar da'irar sanyaya, wato hanyar da hiliyam ke kewayawa, da siziyam da sitironshiyam ta yi tashin gwauron zabo.

Cibiyar da aka yi da tarin ƙwallaye masu motsi ba ta da wurin da za a kafa ma'aunin zafi. Sai a 1986 aka jefa wasu ƙwallaye na musamman marasa makamashi, an huda kowanne an jera masa gutsattsarin waya na ƙarafa daban-daban, kowace waya da zafin da take narkewa, mafi juriya a cikinsu tana narkewa a digiri 1280. Ƙwallayen suka bi ta cikin tarin kamar sauran, da suka fito ta ƙasa aka ɗauki hotonsu da hasken eksire don a ga wace waya ta narke, wace ta tsira. A cikin wani kaso nasu ba a tarar da waya ko ɗaya a tsaye ba, har da ta 1280. Wato a wasu sassan cibiya zafin ya zarce abin da aka lissafa da fiye da digiri 200, kuma babu mai iya cewa da nawa ya zarce, tun da ma'aunin ya ƙare a nan.

Wannan tazarar ta digiri 200 ita ce na riga na gani a lissafin watan Maris, inda take ninka saurin siziyam sau goma sha ɗaya, na sitironshiyam kuma kusan sau hamsin. A 2008 Rainer Moormann, masanin sinadarai a cibiyar ta Jülich, ya fitar da rahoto yana cewa gurɓatar da ta taru a da'irar sanyaya ta kai wasu kaso cikin ɗari na abin da cibiya guda take ɗauke da shi, ya kuma ɗora babban laifin a kan zafin da ya wuce kima. Masu kare ƙirar suka ce makamashin ne ba shi da kyau, domin AVR ta ƙona nau'o'i da yawa, ciki har da na BISO wanda ba shi da ɓawon silikon kabayid sam. Kwamitin masana masu zaman kansu da ya ba da rahotonsa a 2014 ya tabbatar da batun wucewar zafi.

A nawa ganin, gardamar ba ta bukatar a zaɓi ɓangare, domin dalilan biyu a jere suke aiki, ba a gefe da gefe ba. Makamashin da ƙwayarsa kabayid ce ba ya riƙe sitironshiyam kamar na oksayid, inda ƙarfen yake haɗuwa da oksijin ya zauna, kuma ɓawon kabon kaɗai ba ya tsare shi. To a irin wannan ƙwallo girafayit ne kawai ya rage tsakanin sitironshiyam da hiliyam. A digiri 1000 da ya isa, a digiri 1250 ko sama bai isa ba. Da na ba manhajar ƙwaya mara silikon kabayid a zafin da aka zana, sitironshiyam ya taru a cikin ƙwallo bai kai baki ba. Da na ƙara digiri 250, sai ya fara fita tun ƙwallon bai gama wa'adinsa ba. Mummunan makamashi ne ya ɗora wa girafayit kaya, zafi kuma ya sa ya kasa ɗauka.

7 ga Yuli, 2025

Har yanzu ina kan AVR, amma a kan abin da manhajar ba ta da shi, wato ƙura. Ƙwallaye suna gugar juna, suna gugar bango da bututun da ake mayar da su sama da shi, kuma abin da ke zubowa daga fatar waje yake, daidai inda ƙarfen da ya ƙetare ɓawo yake taruwa. Ƙiyasin ƙurar da ta taru a AVR yana kamawa daga kilogiram gommai zuwa kimanin 200. Garin yana da faɗin fuska mai yawa idan aka kwatanta da nauyinsa, yana bin hiliyam zuwa wurare masu sanyi inda riƙo ya fi ƙarfi, yana ƙara shan siziyam daga iskar, sannan ya kwanta a lunguna.

Nan ne lissafin riƙo yake juyewa. A cikin ƙwallo, ƙarfin riƙon girafayit alheri ne. A jikin ƙura kuwa shi ne yake ba ƙarfen abin hawa, domin siziyam ɗin da ya sauka a kan bututun ƙarfe yana nan inda yake, wanda ya hau ƙura kuma yana iya tashi idan bututu ya fashe iska ta fita da ƙarfi. Saboda wannan ƙura ne aka cika tukunyar AVR da siminti mara nauyi a 2008 don a daskarar da ita a wuri ɗaya, kafin a ɗauke tukunyar mai nauyin tan 2100 zuwa rumbun ajiya da ke kusa a 2015. Riyaktocin da makamashinsu yake cikin tubala marasa motsi, irin HTTR, ba su da wannan gugar, ko da yake a Peach Bottom ta farko a Pennsylvania, wadda ta yi aiki daga 1967 zuwa 1974, man shafawa da ya yoyo cikin da'irar ya ƙone ya bar nasa garin kabon.

Ruwa shi ne ɗaya ƙofar. A 1978 na'urar dafa tururi ta AVR, wadda take zaune a saman cibiya, ta yoyo kimanin tan 27 na ruwa cikin tukunyar, ruwan ya wanko sitironshiyam, kuma a 1999 aka gano shi a cikin ƙasa da ruwan da ke ƙarƙashin ginin. A zafi mai yawa tururin ruwa yana cin kabon ya bar hayaƙin kabon monoksayid da haidirojin, ya fi kuma saurin cin kabon mara tsarin nan na danƙo, wanda shi ne ma'ajiyar ƙarafan. Su kansu siziyam da sitironshiyam da bariyam suna ƙara wa cin sauri. Na rubuta ƙura da ruwa a matsayin kashi na uku na aikin, ba zan taɓa su ba sai riƙo ya zauna daram.

4 ga Agusta, 2025

Na koma kan gwajin AGR-3/4 da aka yi a riyaktar gwaji ta ATR a Idaho daga ƙarshen 2011 zuwa 2014, domin shi ne aka tsara musamman saboda tambayata. Gwajin AGR-1 da ya gabace shi, daga 2006 zuwa 2009, ya ƙona ƙwayoyi kusan 300,000 ba tare da an ga alamar ko ɗaya ta fashe gaba ɗaya ba, abin farin ciki ga masu ƙera makamashi, amma bai bar wa mai nazarin girafayit siziyam ɗin da zai bi sawunsa ba. Don haka a AGR-3/4 aka jera ƙwayoyi 20 a tsakiyar kowane dunƙulen makamashi waɗanda aka yi su don su fashe, ba su da komai sai siririn ɓawon kabon na maikiromita 20. Aka kewaye dunƙulen da zobba ɗaya cikin ɗaya, na haɗin makamashi da na girafayit irin PCEA da IG-110, a cikin kwanso 12 masu zafi daban-daban.

Yadda aka karanta zobban bayan an fitar da su ya cancanci a rubuta. An fara haska su da na'urar ƙirga hasken gama, inda siziyam-137 yake bayyana a layin 662 na ma'aunin ƙarfin hasken (keV), azurfa-110m kuma a 658, kusa da juna ƙwarai, shi ya sa ake tabbatar da azurfa da ɗaya layinta na 885. Sitironshiyam-90 ba ya ba da gama ko kaɗan. Domin a same shi sai da aka riƙa feƙe zoben siriri-siriri daga waje zuwa ciki a ɗakin da aka killace, ana tara garin kowane zagaye daban, a ƙona kabon ɗin, a narkar da tokar da asid, a ware ƙarfen ta hanyar sinadarai.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne a zobba da dama rabon ƙarfen daga ciki zuwa waje bai bi lanƙwasar da dokar Fick mai alƙalami ɗaya take bayarwa ba. Wannan ba sabon abu ba ne. Tun a tsofaffin gwaje-gwajen H-451 an lura cewa saurin da ake samu idan aka auna siziyam ɗin da ya ratsa ya fito ya bambanta da wanda ake samu idan aka auna wanda ya tsaya a ciki, alamar cewa wani kaso yana gudu ta fuskar ƙofofi, wani kuma ya faɗa tarko ya zauna. Manhajata a yadda take yanzu hanya ɗaya ta sani.

25 ga Agusta, 2025

Na gudanar da lissafin haɗarin da ake zana waɗannan riyaktoci a kansa, wato hiliyam ya zube, sanyaya ta tsaya, zafin makamashi ya hau a hankali zuwa kusan digiri 1600. A wannan zafi ɓawon milimita 5 ba ya tsare siziyam fiye da 'yan awoyi, sitironshiyam kuma kimanin kwana takwas. Wannan ya yi daidai da abin da aka gani a tanderun KüFA na Jülich, inda aka riƙa gasa ƙonannen ƙwallo na ɗaruruwan awoyi ana tara tururin ƙarafa a kan farantin da ruwa ke sanyayawa: siziyam da ya fita daga ƙwaya ba ya daɗewa ya isa farantin, sitironshiyam kuwa mafi yawansa a cikin ƙwallon yake tsayawa. Wato a cibiya mai zafi, silikon kabayid ne kaɗai mai tsaron siziyam.

Sai dai ba duk cibiya ce take kaiwa 1600 ba, ƙaramin yanki ne a tsakiya. Tururin da ya tashi daga nan dole ya bi ta ƙwallaye da tubala masu sauƙin zafi, kuma idan babu iska mai gudu da za ta kwashe shi, suna da lokacin da za su sake shanye shi. Manhajar ƙwallo ɗaya ba za ta iya ganin wannan ba, sai an jera ƙwallaye a layi daga tsakiya zuwa bango, kowanne da nasa zafin, tururin wannan ya zama abincin na gaba.

Ayyuka biyu ne a gabana a watan Satumba. Zan raba siziyam ɗin da ke cikin girafayit gida biyu, mai tafiya da wanda ke cikin tarko, tare da saurin shiga da na fita da suka dogara da zafi, in gwada shi da rabon da aka auna a zobban IG-110 da PCEA na AGR-3/4, in fara da kwanson da ya fi sauƙin zafi inda tarkon zai fi bayyana. Bayan haka zan haɗa layin ƙwallayen, in yi amfani da alƙaluman riƙo na sabon girafayit kamar yadda na tsayar a watan Mayu. Malam ya nemi ya ga sakamakon kashin farko kafin in shiga na biyu.